Hatimin Likita Bai Isa Ba, Mu Kai Namanmu Ɗakin Awo

Maganar da na kawo yau na san wasu za su ce ba ta shafe su ba. Falke ya ɗauko shanu tun daga Mali ko Burkina ko Nijar, ya sha wahalar hanya da jami'an kan iyaka, ya iso Abijan ya sauke, an yi ciniki, dillali ya karɓi la'adarsa, to ina ruwansa da abin da ya sami naman bayan wuƙa ta hau? Ni kuwa na ce da ruwansa, kuma ruwa mai yawa. Kowa a cikinmu ya san ba kasafai ake biyan kuɗin sa a hannu ba. Bashi ake bai wa mahauci, mai gida ya tsaya masa, sai ya yanka ya raba wa masu tebur a Adjamé da Treichville, sun sayar, kana kuɗi ya biyo hanya ya dawo. Ke nan ran da nama ya kwana ya canja launi aka karyar da shi, ba mahauci kaɗai ya faɗi ba. Kuɗinka ne, Alhaji, ya yi wari a kan tebur.

A mayankar Port-Bouët likitan dabbobi yana duba sa da ransa, ya kuma duba bayan an feɗe. Yana tsaga kaluluwa da huhu don neman tarin fuka, ya duba hanta saboda tsutsa, ya yanki tsoka ya ga ko akwai 'yan ƙwayoyin nan farare, in ya gamsu ya buga hatimi. Aiki ne mai kyau, ba mai raina shi. Amma ido da wuƙa suna da iyaka. Ƙwayoyin cutar da ke sa mutum gudawa da amai da zazzaɓi bayan ya ci nama, ba a ganinsu, ba su da wari, kuma sau da yawa san da ke ɗauke da su lafiyarsa lau. A cikin hanjinsa suke da kashinsa da fatarsa, wajen fiɗa ne suke hawa kan nama.

Yadda masu ɗakin awo suke kama su ba tsafi ba ne, kuma falke da ya iya lissafin garke zai gane shi nan da nan. Za su yanki nama giram 10 su zuba cikin ruwa mai tsabta mililita 90, su dama sosai. Wannan ya zama kashi ɗaya cikin 10. Su ɗebi mililita ɗaya daga ciki su sa a wani ruwan mililita 9, ya zama ɗaya cikin 100, su sake, ɗaya cikin 1,000, haka dai. Dalilin wannan sirki shi ne ƙwayoyin sun yi yawan da ba za su ƙirgu ba in ba a tsinka su ba. Daga nan sai a ɗiga mililita ɗaya a wani ɗan faranti mai murfi, a zuba masa wani abinci mai daskarewa kamar kamu ya kwana, a rufe, a sa cikin akwatin ɗumi a kan digiri 30 har kwana uku. Kowace ƙwaya mai rai za ta zauna inda ta faɗa ta yi ta haihuwa har ta tara zuriyar da ido zai gani kamar ɗigon gero. Sai a ƙirga ɗigon. In an sami 150 a farantin ɗaya cikin 1,000, to kowane giram na naman nan yana ɗauke da ƙwaya 150,000. Shi wannan faranti tun 1887 wani Bajamushe mai suna Petri ya fito da shi, har yau sunansa yake amsawa.

In kuwa gawar sa ce a rataye, ba sai an yanka ba. Soso ko auduga ake gogawa a wuri mai faɗin tafin hannu, santimita 10 tsawo 10 faɗi, a wurare huɗu na jiki, a wanke sosan cikin ruwan, a bi wancan lissafi. Tarayyar Turai a dokarta ta 2005 ta ce gawar sa da aka samu da ƙwaya ƙasa da wajen 3,200 a kowane santimita murabba'i, aikin fiɗa ya yi kyau, in ta haura 100,000 kuwa dole mayanka ta gyara aikinta. Ba ina cewa mu kwafi dokar Turai ba. Ina nuna cewa tsabta abu ce da ake aunawa da lamba, kamar yadda ake ɗora nama a sikeli, ba gardamar baki ba.

Akwai kuma awo na neman wata ƙwaya takamaimai. Wadda ake kira E. coli alama ce kashi ya taɓa nama, ana renonta a digiri 44, cikin kwana ɗaya an gani. Salmonella ita ba a ma ƙirga ta, tambayar kawai ita ce akwai ta ko babu a cikin giram 25. Ana fara jiƙa naman ya kwana don ƙwayoyin da suka galabaita su farfaɗo, a mayar wani ruwa da ke danne sauran ya bar ta ita, kana a shafa a faranti, in tana nan ɗigonta ya fito da baƙin ciki a tsakiya. Kafin a tabbatar sai an ci kwana huɗu zuwa biyar. Akwai na'urar da ake kira PCR mai binciko asalin halittar ƙwayar, tana rage jiran zuwa kwana ɗaya ko biyu, sai dai tsada.

Nan ne wani zai ce, to Malam, naman da aka yanka da asuba aka cinye kafin la'asar, me sakamakon kwana biyar zai amfana? Gaskiya ne, ba zai ceci naman ranar ba. Ba don shi ake yi ba. Ana yi ne don a gane a wane mataki ƙazanta ke shiga. A goga gawa a mayanka, a sake gogawa bayan an sauke ta daga mota a Adjamé, a sake da azahar a kan tebur, a goga katakon sara da wuƙa da ruwan bokiti. Lambobi huɗu ko biyar ɗin nan su za su nuna mai laifi, ko fiɗa ce, ko motar ce, ko rana. A cikin zafi da laima irin na Abijan, ƙwaya irin E. coli in ta sami yadda take so tana iya ninkawa duk minti 20, wato ɗaya tak ta haura miliyan biyu cikin awa bakwai.

Mu ma fatake kada mu wanke hannu. San da ya yi kwanaki a tirela ko taragon jirgin ƙasa ba hutu, ba isasshen ruwa, yana tsaye cikin kashin 'yan'uwansa, ya iso da fata duk kashi ya bushe a kai, kuma wahala tana sa ya ƙara zubar da Salmonella. Ban da haka gajiya tana ƙone sukarin da ke cikin tsokarsa, naman ya fito baƙi-baƙi, ya riga na san da ya huta lalacewa. Mahauta sun daɗe da sanin wannan nama, suna dai cewa bai da albarka. Tun da aka tayar da karar shanu daga Port-Bouët zuwa Adjamé a 2024, da rigimar da aka sha a kai, maganar wurin hutu da ruwan sha da nisan kara da mayanka ta ƙara zama tamu. Ga kuma ɗabi'ar ɗirka wa sa allurar teramisin ana gobe kasuwa don ya miƙe. Wannan ma ɗakin awo yana gano ragowarta a nama, kwanakin jira kuwa a rubuce suke a jikin kwalba.

Dattawan cikinmu ba su manta shekarun 1980 ba, lokacin da daskararren naman Turai mai rahusa ya cika Abijan har shanun Sahel suka rasa mai taya. Karyewar darajar sefa a watan Janairun 1994 ce ta dawo mana da kasuwa, ba wata dabara tamu ba. Manyan otal da manyan kantuna kuwa ba sa sayen nama don kyawun ƙaho ko tozo. Takarda suke nema mai lamba. Mai daskararren nama yana zuwa da tasa, mu muna zuwa da rantsuwa.

Wuraren awon suna nan kusa. Akwai LANADA da gwamnatin Kwaddibuwa ta kafa a 1991, da ɗakinta na lafiyar dabbobi a Bingerville da na tsabtar abinci a Abijan, akwai kuma Institut Pasteur. Shawarata ga shugabannin ƙungiya ita ce a zauna da sarakunan fawa da masu tukubar shukuya na Treichville, a ware wani abu kaɗan daga kowane kan sa da aka sayar, a riƙa kai samfur duk wata, da sunan ƙungiya ba da sunan mutum ba, don kada abin ya zama tonon silili ko makamin gaba tsakanin mahauta. Samfurin a sa shi cikin jaka mai tsabta, cikin kula da ƙanƙara, ya isa ɗakin awo a ranar, in ba haka ba zafin mota za a auna ba naman ba. Sakamakon a karanta shi da Hausa da Fulatanci da Jula a taron wata, a buga shi a wannan shafi. A fara da rumfa biyar a Adjamé da biyar a Treichville waɗanda masu su suka yarda da kansu, a yi wata shida, rabi cikin damina rabi cikin rani.