Taswirar zinare kaɗai ba ta riƙe 'yan wasa

Tun da Dungeons & Dragons ya fito a Amurka a 1974, masu jan labari ke amfani da taswirar ɓoyayyiyar dukiya don jawo 'yan wasa. A wannan wasa kowa jarumi ne, mutum ɗaya na jan labarin, dais irin na lido kuma ke yanke nasara ko faɗuwa. Yau matasan Karakkai ko Gusau na iya buga shi a guruf ɗin WhatsApp.

Sai dai taswirar da kawai ke cewa a je a tona a kwashe ba ta da armashi. Matashin Zamfara ya san zinare ba ya zuwa a banza. A 2010 gubar dalma daga niƙa duwatsun zinare ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. A 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar saboda rashin tsaro.

Don haka gara mai jan labari ya sa taswirar ta zo da asara. Ya zana ta, ya raba ta gida huɗu, ya tura wa kowa nasa a asirce, ta yadda sai sun amince da juna za su haɗa ta. Ya ɓoye dukiyar a gindin wani dutse irin na Kwatarkwashi, ƙarƙashin rijiyar da duk gari ke sha. Su tona ko su haƙura? Wannan gardamar ce za ta dawo da su mako mai zuwa.