A Ƙarshen Kaka, Ganye Ya Fi Fure

A ƙasashen sanyi irin su Ingila da Japan, watan Nuwamba ne ke tona asirin mai lambu. Dare ɗaya raɓa za ta daskare, gari na wayewa a tarar da furen dahlia ya yi baƙi, ya langaɓe kamar dafaffen alayyafo. Duk da haka kuɗin mutane da yawa a tukwanen fure yake ƙarewa. A ganina wannan asara ce: mai son launi a ƙarshen kaka, itace ya kamata ya dasa.

Hujjar tana jikin ganyen. Idan yini ya gajarta, itace yakan daina ƙera kulorofil, sinadarin da ke ba ganye kore, ya janye abincin da ke ciki zuwa rassa, sai rawayar da ke ɓoye tun farko ta fito fili. Jan kuwa sabo ne, daga sukarin da ya maƙale a ganye yake samuwa, shi ya sa rana mai haske da dare mai sanyi ke ƙara masa kaifi. Wato yanayin da ke karya lagon fure shi ke rina ganye. Jama'ar da ke cika gadar haikalin Tofukuji a Kyoto kowane Nuwamba jan ganyen itacen momiji suka zo kallo, haka ma masu zuwa gandun Westonbirt na Ingila, wanda Robert Holford ya soma dasawa a 1829.

Za a ce ai tsiron kirisantimam a lokacin yake fure. Gaskiya ne, domin dogon dare yake jira, amma shi da 'yan tsirarun irinsa ba sa cika lambu. Za a kuma ce itace na da jinkiri, kuma shekarar da aka yi ɗumi da hadari launin kan dushe. Wannan ma haka ne, sai dai itace sau ɗaya ake saye, furen tukunya kuwa duk shekara. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne shara: ganye ya zube, ya jiƙe, ya yi santsi, ya danne ciyawa. To, a sa manjagara a kwashe na kan hanya, a tara shi gindin itatuwa ya ruɓe ya zama taki. Manomin da ya ga yadda gero ke ƙiba a ƙarƙashin gawo ba ya buƙatar a yi masa bayani. Ganye mai cuta kaɗai, irin na wardi mai ɗigo, ya kamata a fitar daga lambun gaba ɗaya.