Minsharin Da Numfashi Ke Ɗaukewa: A Yi Awo Kafin A Sayi Na'ura

A kasuwanninmu na Yamai, daga Babbar Kasuwa zuwa Katako da Wadata, minshari abin ba'a ne. In Alhaji ya kishingiɗa a shago bayan azahar har maƙwabta suna jin rurinsa, sai a ce ciniki ya yi kyau, hankali ya kwanta. In Hajiya ta yi gyangyaɗi a kan tebur, mai saye na tsaye yana sallama, sai a ce gajiyar sammako ce. To, jama'a, akwai minsharin da yake ciwo ne, kuma ciwo mai cin mutum a hankali. Likitocinmu suna kiransa da Faransanci apnée du sommeil, wato ɗaukewar numfashi cikin barci. Ana gano shi, ana kuma maganinsa. Abin da muke kira a kai a yau shi ne a bi hanyar daki-daki: a fara da likita, a yi awo, sannan a yi zancen na'ura.

Yadda abin yake shi ne, idan mutum ya yi barci naman maƙogwaro yakan saki. Ga wasu mutane yakan saki har ya toshe hanyar iska. Ƙirji na ta ƙoƙarin jawo numfashi, iska ba ta wucewa, daƙiƙa 10, 20, wani lokaci fiye da haka. Iskar da jini ke ɗauke da ita ta ragu, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tada mutum, ya yi wata irin shaƙuwa, ya koma barci ba tare da ya san ya farka ba. A dare guda haka na iya faruwa sau ɗaruruwa. Shi ya sa mai wannan ciwo zai kwana awa takwas a kan gado ya tashi kamar wanda ya kwana dakon buhuna, ga ciwon kai da safe, ga bushewar baki, ga yawan tashi fitsari da dare, ga mantuwa da saurin fushi.

Ciwon kuwa ya yaɗu fiye da yadda ake zato. Wani bincike da aka wallafa a 2019 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 936 a duniya, masu shekara 30 zuwa 69, suna da shi, kuma miliyan 425 daga cikinsu nasu ya kai matsakaici ko mai tsanani. Ya fi kama mai ƙiba, mai kaurin wuya, da wanda ya haura shekara 50, ko da yake siriri ma yana kamuwa. Maza sun fi yawa, amma mace in ta daina al'ada haɗarinta yakan ƙaru sosai. Mata da yawa suna jin kunyar a ce suna minshari, sai su yi shiru, su yi ta shan maganin gajiya daga hannun masu talla.

Asarar da ke ciki ta wuce ta barci. Zuciyar da ake firgitarwa dukan dare takan gaji. Wannan ciwo yana da alaƙa da hawan jini, musamman irin wanda ake shan magani kala biyu ko uku amma tansiyo ya ƙi sauka, yana kuma da alaƙa da ciwon suga, bugun zuciya marar tsari da shanyewar ɓarin jiki. Direban da ke fama da shi ba a yi masa magani ba, haɗarin da yake ciki na yin karo ya ninka na sauran direbobi sau biyu ko fiye. Duk ɗan kasuwar da ke ɗora kayansa da ransa a mota daga Yamai zuwa Doso, Ƙonni da Maraɗi ya san abin da gyangyaɗin daƙiƙa biyu ke jawowa a kan wannan hanya.

Matakin farko yana cikin gida. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a wannan ciwo mai shi ne na ƙarshen sani. Matar da ke kwana kusa da shi ita ke jin lokacin da minsharin ya tsaya cak, ɗaki ya yi tsit, sannan ya fizgo numfashi kamar wanda aka shaƙe. Uwargida, faɗa wa maigida wannan magana ba raini ba ne, ceto ne. Maigida, kai ma haka ga iyalinka. In da hali a ɗauki sautin da salula na ƴan mintoci, a tafi da shi wurin likita.

Mataki na biyu shi ne asibiti. A Yamai muna da Babban Asibitin Ƙasa, muna da asibitin Amiru Bubakar Diyallo na Lamorde, da babban asibitin Referans. A nemi ganin likitan huhu, ko na kunne da hanci da maƙogwaro, ko na zuciya ga mai hawan jini. Zai yi tambayoyi, ya auna nauyi da kaurin wuya, ya duba hanci da maƙogwaro. Daga nan sai awon barci. Mai sauƙin shi ne wanda ake ɗaura wa mutum ɗamara a ƙirji, siririn tiyo a hanci da ɗan maƙali a yatsa, ya kwana da su dare guda. Akwai kuma cikakken awo da ake kwana a asibiti, a manna wayoyi a kai. Babu allura, babu zafi. Sakamakon lissafi ne da kowane ɗan kasuwa zai gane: sau nawa numfashi ya tsaya ko ya ragu a cikin awa guda. Daga 5 zuwa 14 mai sauƙi ne, 15 zuwa 29 matsakaici, 30 zuwa sama mai tsanani.

Wannan lissafin ne ke nuna maganin da ya dace. Wani rage ƙiba da kwanciya a gefe maimakon rigingine za su taimaka masa ƙwarai. Wani bincike da aka yi a Amurka, aka wallafa a 2000, ya nuna cewa rage kashi 10 cikin ɗari na nauyin jiki yana rage yawan ɗaukewar numfashi da kusan kashi 26. Yaron da ke minshari yana kwana baki buɗe, sau da yawa ƙullutun maƙogwaro ne suka yi girma, kuma likita ne zai yanke shawarar aiki. Kada a kai shi, kada babba ma ya kai kansa, wurin wanzami a yanke beli. Yankan beli ba ya warkar da wannan ciwo, sai dai zubar jini da shigar ƙwayar cuta. Haka nan ƙwayoyin sa barci, tiramol da giya suna ƙara tsananta matsalar, magungunan ƙara ƙiba da ake sayarwa a tebur kuma suna shimfiɗa mata tabarma.

Ga wanda nasa ya yi ƙarfi, babban magani shi ne na'urar da likitocinmu ke kira PPC, a Nijeriya kuma ake ce mata CPAP. Wani likita ɗan Ostareliya, Colin Sullivan, shi ya ƙirƙiro ta, ya kuma bayyana sakamakonta a 1981. Ƙaramin akwati ne mai tiyo da abin rufe hanci. Iskar ɗaki take turawa a hankali don ta riƙe maƙogwaro a buɗe, ba iskar asibiti ta masu jinya ba ce. Tana aiki ne a daren da aka sa ta, in aka ajiye ciwon ya dawo. Makonnin farko sukan yi wuya, hanci ya bushe, abin fuska ya dame mutum. A yi haƙuri, a koma wurin likita ya gyara ƙarfin iskar ko ya canja abin fuskar. Ma'aunin da likitoci ke bi shi ne aƙalla awa 4 a dare, wanda ya fi haka kuwa ya fi samun amfani.

A nan ne muke jan hankalin ƴan kasuwa. Mun saba da aike: ɗan'uwa zai je Dubai, ko Kano, ko Faransa, a ce ya riƙo na'ura. Kuɗinta ɗaruruwan jikkuna ne, kuma saye ba tare da awo ba cinikin biri a sama ne. Kowane mutum da ƙarfin iskar da ya dace da shi, da girman abin fuskarsa. Wanda ke auna gero da tiya bai kamata ya sayi numfashinsa da ƙiyasi ba. A yi hattara kuma da ta hannu. A watan Yunin 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin irin waɗannan na'urori saboda soson da ke cikinsu yana iya rugurgujewa mutum ya shaƙa, kuma zafi da laima suna ƙara lalata shi. Duk wanda ya san zafin Yamai a watan Afrilu ya san wannan gargaɗi namu ne. Kafin a biya, a nuna wa likita sunan na'urar da lambarta, a kuma tabbatar ana samun tiyo, matata da abin fuska na canji.

Sai batun wuta da ƙura. Ba mu manta da duhun da aka shiga ba a watan Agustan 2023, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Nijeriya, kuma ko ba haka ba kowa ya san yadda kuran ke ɗaukewa a bazara. Mai shirin sayen na'ura ya sa batir ko farantin hasken rana cikin lissafinsa tun farko. Lokacin hunturu a riƙa duba matata a kai a kai, a wanke abin fuska da ruwa da sabulu marar ƙarfi, a shanya a inuwa.

Hukuma ma tana da nata kason. A 2024 gwamnati ta rage kuɗin jinya da rabi a asibitocinta, kuma talaka ya yaba. Muna kira ga ma'aikatar lafiya da ta wadata manyan asibitocin Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa da kayan awon barci a farashin da mai tebur za ta iya biya, ta koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci su riƙa tambayar duk mai hawan jini yadda barcinsa yake, a kuma sassauta kuɗin duwan a kan waɗannan na'urori. Sandikar ƴan kasuwa da ta masu motoci su gayyato likitoci su yi bayani a kasuwa da tasha. Mata masu adashe kuwa, kwasar da ake yi don biki ana iya yin ta don awo.

Lafiya uwar jiki, ita ce kuma uwar jari. Wanda aka ce masa numfashinsa na tsayawa da dare, ya rufe shago na rabin yini ya je ya ga likita a wannan mako. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa albarka a kasuwanninmu.