Magidanci Da Jitar Lantarki: Ina Laifinsa?

'Yan'uwa, a Amurka da Ingila ba baƙon abu ba ne mutum ya cika shekara 40 ko 50 ya je ya sayo wa kansa jitar lantarki, abin da ya yi ta marmari tun yana saurayi. A wurinmu kuwa, magidanci ya kuskura ya shigo gida da ita, kafin ranar Lahadi magana ta zaga ikkilisiya: wai girma ya zo masa da yarinta, wai kayan 'yan otal ne. Ni a ganina ba a yi masa adalci ba.

Zancen otal ɗin ma ba haka yake ba. An fara sayar da jitar lantarki a Amurka a farkon shekarun 1930, domin ƙahoni da ganguna suna danne muryar jitar katako. Cikin waɗanda suka fara yin suna da ita akwai Rosetta Tharpe, wadda aka haifa a 1915, ta tashi tana waƙa a majami'a tare da mahaifiyarta, kuma da waƙoƙin bishara duniya ta san ta. Manyan mawaƙan duniya irin su Elvis Presley daga baya suka zo, suka kwaikwayi salonta. A nan gida ma, wa zai ce jita ta rage wa Panam Percy Paul na Jos mutunci?

Ku dubi wanda ake zargin. Shekara ashirin yana biyan kuɗin makarantar 'ya'yansa da na ƙannensa, biki da jana'iza ba a yi ba shi, baikon girbi bai taɓa wuce shi ba. Sau ɗaya tak ya sayi abin da ransa ke so. Littafin Mai-Wa'azi ma bai hana mutum jin daɗin guminsa ba. Da babur ya sayo, ai da mun je mun sa albarka.

Amma fa mai niyyar saye ya zauna ya yi lissafi, gama kuɗin jitar shi ne ƙaramin abu. Ita wannan ba ta da ƙoƙon da ke ƙara sauti kamar garaya. Maganaɗisu ne a ƙarƙashin tsirkiyoyin ƙarfe, naɗe da siririyar waya; in tsirkiya ta girgiza sai a sami 'yar wuta kaɗan, ita ce amfilifaya ke ƙarawa har ta fito ta lasifika. In babu amfilifaya, na bakin ƙofa ma da ƙyar zai ji ka. Ga waya, ga canjin tsirkiya, ga wutar da ba ta zama, ga man janareta wanda kowa ya san yadda ya koma tun cire tallafi a 2023. In za a ci bashi, ko a taɓa kuɗin taki, ko uwargida sai dai ta ga kwali a falo, to ba ni cikin masu kare ka. A gaya mata tun da wuri, a yi tari a hankali, ko a sayi ta hannu.

Sai kuma abin da kuɗi ba ya saye. Makonnin farko yatsu za su yi zafi kafin su yi kanta, kuma dole dattijo ya zauna gaban yaron ƙungiyar matasa, sa'an ɗansa, yana ce masa, "Baba, a sake." A nan ne da yawa suke rataye ta a bango. Mdou Moctar na ƙasar Nijar, wanda ya zaga duniya da kiɗa, da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Saboda haka kafin ka kai kuɗinka shago, ari tsohuwar jitar katako wajen mawaƙa, ka riƙa minti ashirin kowace yamma har wata uku. In har lokacin hannunka yana neman ta, je ka sayo taka.