Kafin Ku Rubuta Suna a Takardar Yayye



Tun ranar Litinin ɗin da Shugaban Makaranta ya yi sanarwa a asambuli cewa za a fara shirin "yaya da ƙani", ofishin Malamar shawarwari bai huta ba. Shirin dai kun ji shi: duk babban ɗalibin da ya sa kansa zai ɗauki yaro ɗaya daga 'yan aji ɗaya masu fama da matsala, kamar marayu da waɗanda karatu ya yi wa nauyi da masu yawan fashin makaranta, ya riƙa kula da shi. Namiji ya ɗauki namiji, mace ta ɗauki mace. Jiya mun leƙa takardar, sunaye sun cika shafi biyu har sun gangara na uku. Mu 'yan kulob ɗin jarida mun ji daɗi, kuma muna goyon bayan shirin. Sai dai muna da magana wadda ba za ta yi wa kowa daɗi ba: akwai sunaye da yawa a takardar nan da ya kamata masu su su koma su soke da hannunsu.

Ku tsaya ku ji dalili.

Ba a makarantarmu aka fara irin wannan aiki ba. Ƙungiyar da ta fi suna a kansa ita ce Big Brothers Big Sisters ta ƙasar Amurka, wato Yayye Maza da Yayye Mata. Wani akawun kotun yara ne a birnin New York, mai suna Ernest Coulter, ya assasa ta. Yana ganin yadda ake ta gurfanar da yara maza gaban alƙali, sai ya yi tunanin cewa da yawansu da sun sami babba guda mai kula da su da ba su iso nan ba. A shekarar 1904 ya nemi 'yan sa-kai, mutum 39 suka amsa, kowa ya ɗauki yaro ɗaya. A daidai wannan zamani wasu mata a birnin suna yi wa 'yan mata irin wannan hidima. A 1977 ɓangarorin biyu suka haɗe suka zama ƙungiya ɗaya.

Shin abin yana aiki? An gwada. A 1995 aka fitar da sakamakon wani bincike a kan yara 959, 'yan shekara 10 zuwa 16, daga rassa takwas na ƙungiyar. An raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi aka nema musu yayye, rabi aka ce su jira. Bayan wata 18 aka kwatanta. A cikin masu yayye, yiwuwar fara shan ƙwaya ta ragu da kashi 46 cikin ɗari, ta fara shan giya ta ragu da kashi 27, ranakun da suka yi fashin makaranta kuma kusan rabin na waɗancan ne. Abin lura shi ne yayyen nan ba wa'azi suke zuwa yi ba. Kamar sau uku a wata suke haɗuwa da yaran, su yi 'yan awoyi tare, a ci abinci, a buga ƙwallo, a duba aikin gida, a yi hira. Abin da ya yi tasiri shi ne yaron ya san akwai wanda zai zo, kuma yana zuwan.

Waɗannan alƙaluma su ne kowa yake son ambata. Akwai wasu da ba a cika faɗa ba. A 2002 masu bincike biyu, Jean Grossman da Jean Rhodes, suka sake duba bayanan yaran nan, amma a wannan karon suka kalli tsawon lokacin da kowace yayantaka ta ɗauka. Yaran da suka shekara ko fiye tare da yayyensu su ne suka fi kowa cin riba. Waɗanda kuwa aka rabu da su kafin a cika wata uku, ba wai kawai ba su ƙaru ba ne, baya suka ci. Darajar da suke ba kansu ta ragu, haka ma yardar da suke da ita cewa za su iya karatu. Da tun farko ba a ba su yaya ba, da ya fi musu.

Mu dai ba mu yi mamaki ba, don ba sai an je Amurka za a gane wannan ba. Yaron da mahaifinsa ya rasu, ko aka saki mahaifiyarsa ta tafi ta bar shi a hannun kishiya, ya riga ya san ɗacin a tafi a bar mutum. Idan wani babba ya zo ya dafa kafaɗarsa ya ce "daga yau ni ne yayanka", sannan bayan mako biyar ya daina waiwayarsa, yaron ba zai ce yaya karatu ne ya sha kansa ba. Cewa zai yi, "Ni ne ba a iya zama da ni." Ya kuma ƙara rufe bakinsa ga duk wanda zai zo nan gaba.

Mun ma gani da idonmu. Bara wasu baƙi sun zo makarantar nan da riguna iri ɗaya da ƙaton kyalle mai rubutu. Suka tara ƙananan yara a ɗakin taro, suka raba biskit da littattafai, kowane yaro aka haɗa shi da "mai ba shi shawara", aka ɗauki hotuna, aka ce sai wata mai zuwa. Har yau ba mu sake ganin ko ƙurarsu ba. Akwai yarinyar da ta yi kusan zango guda tana leƙa bakin get duk ranar Laraba, domin ranar Laraba suka zo.

To, ku 'yan aji shida, da ku muke. Sunayenku ne suka fi yawa a takardar, kuma mun san da zuciya ɗaya kuka rubuta. Amma ku ƙirga watannin da suka rage muku. Ga darasin yamma, ga jarrabawar gwaji, ga WAEC, ga NECO a bayanta, daga nan sai ɗaukar akwati. Yaushe za ku zauna da yaro ɗan aji ɗaya ku ji abin da ya hana shi zuwa makaranta ranar kasuwa? Ko kun yi ƙoƙari, kafin ya saba da ku har ya fara faɗa muku gaskiyar cikinsa, kun tafi. Wannan aiki na 'yan aji huɗu ne da 'yan aji biyar, waɗanda za su ga yaron ya shiga aji biyu suna nan. Idan kuna son taimako, ƙofa a buɗe take: ku ɗauki awa ɗaya ranar Asabar ku koya wa duk mai so lissafi a fili. Babu wanda zai ji an yashe shi idan darasin ya ƙare.

Malamanmu 'yan bautar ƙasa su ma mun ga sunayen wasunsu. Muna girmama su, kuma yara suna sake jiki da su fiye da sauran malamai. Amma hidimarsu shekara ɗaya ce tak. Wanda ya kusa gamawa ya haƙura. Wanda bai daɗe da zuwa ba kuma, ya faɗa wa yaron tun ranar farko watan da zai tafi, ya kuma damƙa shi hannun wani kafin lokacin. Rabuwar da aka san ranarta daban take da ɓacewa ba sallama.

Akwai wani darasi kuma, wannan na hukumar makaranta ne. A ƙarshen shekarun 1930, wani likita mai suna Richard Cabot ya kafa shiri a garuruwan Cambridge da Somerville na jihar Massachusetts, don kare yara maza daga faɗawa aikata laifi. Rabin yaran aka ba su masu kula, ma'aikata ne ba 'yan sa-kai ba, suna ziyartarsu kamar sau biyu a wata har shekara biyar da ɗoriya. An koya musu karatu, an kai su asibiti, an tura wasu sansanin hutu. Bayan kimanin shekara 30 wata mai bincike, Joan McCord, ta bi sawun mutum 506 daga cikinsu, ta buga sakamako a 1978. Waɗanda aka taimaka ɗin su ne suka fi yawan maimaita laifi da shaye-shaye da mutuwa da wuri, alhali yawancinsu da bakinsu sun ce shirin ya amfane su. Daga cikin abin da ta gano daga baya, yaran da aka tura sansanin hutu fiye da sau ɗaya, inda masu rigima suka haɗu da juna, sun fi lalacewa. Saboda haka muna roƙo, kada a karanta sunayen yaran nan a asambuli, kada a tara su aji ɗaya a ce su ne "masu matsala". Yaro idan ya ji sunan da aka laƙaba masa, yakan yi ƙoƙarin cika shi.

Sai batun da kowa ya sani amma ba a son taɓawa. A al'adarmu akwai yaya da ƙanwar rana, inda babba take riƙon ƙarama kamar ciki ɗaya suka fito, ta yi mata kitso, ta ba ta shawara, ta tsaya mata ranar biki. Amma a makarantu mun ga yadda wannan riƙo yake juyewa ya zama bauta: ƙani ne mai wanki, shi ne mai guga, shi ne mai ɗebo ruwa, kuɗin karinsa ma sai yaya ya taɓa. Duk wanda ya rubuta suna yana hangen ya sami ɗan aike, ya yi wa Allah ya soke. A ƙungiyar da muka ambata ba a ba mutum yaro sai an tantance shi, kuma akwai ma'aikacin da yake tuntuɓar yayan da yaron da iyayen a kai a kai. Mu ma a yi haka. A sa malami ɗaya a kan kowane yayye kaɗan, ya riƙa kiran yaron shi kaɗai sau ɗaya a wata ya tambaye shi yadda ake ciki. Haɗuwa kuma ta zama a fili, ƙarƙashin bishiya ko a laburare, ba a lungu ba.

Mun san abin da za a ce mana. Idan aka cire 'yan aji shida, aka cire masu neman suna da masu neman ɗan aike, yayyen da za su rage ba za su ishi yaran ba. Gaskiya ne, ba za su isa ba. A fara da waɗanda suka fi buƙata, sauran a gaya musu gaskiya cewa suna kan layi, zango mai zuwa a ƙara. Yaron da yake jira bai yi asarar komai ba tukuna.

Mun kai wa Malamar shawarwari roƙo ɗaya, ta kuma amince: daga gobe za a ja sabon layi a takardar, inda kowa zai rubuta watan da zai bar makarantar nan a gaban sunansa. Takardar tana ofishinta har ranar Juma'a bayan tashi, ga mai son rubutawa da mai son sokewa.

Kulob ɗin 'Yan Jarida