A Kai Ɗaliban Karkara Su Ga Ruwan Zainabi

Yaron Ɗambatta ko Bichi ya san rijiya da fadama, amma da wuya ya taɓa ganin ruwa na zubowa daga kan dutse. Ga shi kuwa a jiharmu ta Kano: magangarar Zainabi a Riruwai, Ƙaramar Hukumar Doguwa, yankin dajin Falgore da Kogin Kano ke ratsawa kafin ya shiga madatsar Tiga. Ya kamata makarantu su riƙa kai ɗalibai can a ƙarshen damina. Za a ce kuɗin mota da tsaro. Gaskiya ne, amma motar haya da rakiyar jami'ai ba su fi ƙarfin gwamnati ba. Gani ya kori ji: yaron da ya ga yadda itatuwa ke riƙe ƙasa da ruwa zai yi tunani kafin ya ɗora gatari a gawon gonarsu.