Kada Mu Zuba Irinmu Duka A Ruwan Farko

Kowace shekara in watan Mayu ya kama, magana ɗaya ce a bakin kowa a Gude, ko a gindin bishiya, ko a bakin rijiya, ko a kan hanyar kasuwar Getso: a shuka ko a dakata? An gama sassabe, an kai taki gona, shamuwa ta iso tana gyaran sheƙa, zafi kuwa ya hana kowa barci. Sai rana ɗaya da la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso da ƙura, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Kafin gari ya waye kowa ya saɓi sungumi.

Mun ga abin da yakan biyo baya, ba sau ɗaya ba. Shuka ta tsiro ta yi kyau, sa'an nan ruwa ya ɗauke, kwana goma, kwana goma sha biyar, babu ko ɗigo. Tsiro ya ƙone. Wanda ya zuba irinsa duka sai ya koma kasuwa neman wani a lokacin da hatsi ya fi tsada, ko kuwa ya ci bashi a kan amfanin da bai ko shuka ba tukuna. Mu malaman gona ma ba mu kuɓuta daga laifi ba. Akwai shekarar da muka bi ƙauyuka muna cewa a yi hanzari da sabon irin masara, aka ji maganarmu, aka yi hasara. Wata gwauruwa ta tare ɗayanmu a bakin gonarta, ta ce, "Malam, kai da ka yi karatu, ashe ba ka san ruwan ƙarya ba?" A ranar ba mu da abin faɗi.

Ra'ayinmu yanzu shi ne, ruwan farko na watan Mayu ba abin da za a jingina masa abincin shekara ba ne. Ba don tsoro muke faɗin haka ba. Akwai dalili, dalilin kuwa yana cikin yadda iska da teku suke tafiya. Bari mu bayyana shi gwargwadon iyawarmu, gama manomin da ya san dalili ya fi wanda aka ba umarni kawai.

Ku taka rairayi ba takalmi da azahar a watan Afrilu, sa'an nan ku tsoma ƙafa a kududdufi. Rana ɗaya ce take dukansu, amma rairayi ya yi zafi ƙwarai, ruwa kuwa da sauran sanyinsa. Ƙasa tana saurin ɗaukar zafi, ruwa yana da nawa. Iska kuma in ta yi zafi sai ta yi sauƙi ta tashi sama, kamar hayaƙin murhu, ko guguwar da muke gani tana juyi a saura da rani. In kuwa iska ta tashi daga wani wuri, dole wata ta kwararo ta cike gurbinta, daidai yadda ruwan lambu yake bin gangare. To, da bazara hamadar Sahara tana yin zafi fiye da kima, iskarta tana tashi, sai iskar da ke kan Tekun Atilantika, wadda ta sha tururin ruwa ta ƙoshi, ta kamo hanya zuwa arewa. Juyawar duniya tana karkatar da ita, shi ya sa take iso mana daga kudu maso yamma. Daga bakin teku zuwa nan ƙasar Kabo da Gwarzo tafiyar kilomita wajen 800 ce, watau kimanin mil 500. Yawancin ruwan da ke sauka a gonakinmu daga can ya taso.

Da ɗari kuwa abin juyawa yake yi. Iskar hamada ita ce da ƙarfi, tana busowa daga arewa maso gabas, busasshiya, ɗauke da ƙurar wani kwari da ake kira Bodele a ƙasar Cadi, inda a zamanin dā babban tafki yake. Hunturu ke nan, da hazonsa da kaushinsa.

Yanzu ga inda maganar take. Iskokin nan biyu ba sa haɗuwa goshi da goshi kamar raguna. Iskar teku ta fi sanyi, ta fi nauyi, saboda haka sai ta kutsa ta ƙarƙashin iskar hamada kamar bakin gatari: siriri a gaba, kauri a baya. Bakin nan siriri shi ke fara iso mana wajen watan Afrilu ko Mayu. Muna jinsa a jikinmu. Gumi ba ya bushewa, gishiri yana yin laima a kasko, dare ba ya sanyi. Amma kaurinsa bai isa ya riƙe damina ba, domin a bisansa busasshiyar iska ce take kwance, tana shanye gajimare tun bai girma ba. Ruwa na sosai yana can baya, kilomita ɗaruruwa a kudu, inda iskar teku ta yi kauri. Bakin gatarin kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yau ya matso arewa, a sami hadari ɗaya mai ƙarfi. Jibi ya ja da baya, sararin sama ya washe har mako biyu. Wannan shi ne ruwan ƙaryar da gwauruwar nan ta tambaya.

Wajen ƙarshen watan Yuni wani abu yakan faru a teku. Ruwa mai sanyi yana tasowa daga ƙarƙashi a kudancin gaɓar Afirka ta Yamma, bambancin zafi tsakanin teku da hamada yana ƙaruwa, sai damina ta bar bakin teku ta yi tsalle zuwa arewa. Daga nan ne take zama da gindinta a wurinmu. Zuwa watan Agusta bakin iskar teku ya wuce har Agadas, mu kuwa muna ƙarƙashin kaurinta, ga marka dare da rana.

Wani dattijo ya taɓa ƙure mu a wurin taro. Ya ce, "Yaro, ka ce ruwa daga kudu yake zuwa. Ni tun ina kiwon awaki ban taɓa ganin hadari ya taso daga kudu ba, sai gabas." Gaskiyarsa. Mu ma a kwalejin horon malamai an zana mana kibiyoyi biyu a allo, aka wuce, ba wanda ya warware mana wannan. Abin da ke nan shi ne, can sama, kimanin kilomita 3 zuwa 4 daga ƙasa, akwai wata iska mai gudu daga gabas zuwa yamma, kamar kogi a sararin sama. Tururi ta ƙasa yake shigowa daga kudu maso yamma, amma in gajimare ya yi tsawo ya kai cikin kogin nan, sai ya kwashe shi ya yi yamma da shi. Hadari yakan yi gudun kilomita wajen 50 a sa'a. Wanda ya sauka a birnin Kano yana iya riskarmu cikin sa'a ɗaya ko biyu, saboda haka mai ɗan'uwa a birni da waya a hannu yana da lokacin kwashe shanya. Iskar nan mai sanyi da ke riga ruwa isowa, mai yaye rufin kwano, ita ce wadda ruwa ya sanyaya a cikin gajimare, ta faɗo ƙasa ta bazu. Kogin saman nan kuma yana lanƙwasa yana miƙewa, kowane kwana uku zuwa biyar lanƙwasa ɗaya take wucewa, shi ya sa ruwan damina yake zuwa kashi-kashi. Waɗansu daga cikin hadarin da suka wuce ta kanmu sukan faɗa teku, su girma su zama manyan guguwar da ke rushe gidaje a Amurka. Wannan dai ratse ne.

Tun da teku ne ke aiko mana da ruwa, in halinsa ya sāke, namu ma ya sāke. Iyayenmu ba su manta da farin 1972 da 1973 ba. A 1973 ruwan da aka auna a Kano wajen rabin abin da aka saba ne. Aka sāke shan wani a 1983 da 1984. A lokacin an ɗora laifi a kan talaka. Wani masani Ba'amurke, Jule Charney, ya kawo shawara a 1975 cewa yawan kiwo da ya tsiraita ƙasa yana iya hana ruwa, maganar kuwa ta bazu har ta zama kamar karatu: manomi ya sare itace, makiyayi ya cinye ciyawa, su suka kori damina. Amma a 1986 Folland da abokan aikinsa a hukumar yanayi ta Ingila suka nuna cewa shekarun fari sun yi daidai da shekarun da tekunan kudancin duniya suka fi na arewa ɗumi. A 2003 kuma Alessandra Giannini da nata abokan aiki suka ƙarfafa wannan. In tekun arewa ya yi sanyi, iskar damina ba ta samun ƙarfin shigowa ciki sosai. Masana da dama suna ganin hayaƙin masana'antun Turai da Amurka yana cikin abin da ya sanyaya shi. Haka kuma in wani sashe na Tekun Fasifik ya ɗumama, abin da ake kira Elnino, sau da yawa daminarmu takan yi rauni, kamar yadda ya faru a 1972 da 1983.

Kada wani ya ce mun ba shi iznin sare gawo. Itace yana tare iska, yana riƙe ƙasa, yana hana rairayi bulale tsiro. Manoman ƙasar Maraɗi sun tabbatar da haka tun daga 1983, sa'ad da suka fara barin kututture su yi toho a gonakinsu. Abin da muke cewa kawai, ba gatarin mutumin Gude ne ya kawo yunwar 1973 ba.

Ruwa ya ɗan dawo tun daga shekarun 1990, amma da wani hali. Iska mai ɗumi ta fi ɗaukar tururi, saboda haka in hadari ya zo yakan zo da ƙarfi, tsakaninsa da na gaba kuwa ba tabbas. Mun ji abin da ambaliya ta yi a Jigawa a 2022, da Maiduguri a watan Satumba na 2024. Jimlar ruwan shekara tana iya cika, gona kuma ta lalace.

Akwai masu cewa, ai wanda ya riga shuka shi ke riga cin tumu. Ba mu yi musu da su ba. Ruwan farko yana tayar da ƙarfin taki a ƙasa, geron da ya kama da wuri yakan tsere wa ciyawa, shi ne kuma yake fid da gida daga yunwar watan Agusta. Kakanninmu da suke binne ba wawaye ba ne. Amma ku duba da wane iri suke yi. Da gero ne, wanda tiya ɗaya take shuka fili mai yawa, wanda kuma yake jure ƙishi. In ya mutu, hasarar kaɗan ce. Yau kuwa mutum yakan sayar da akuya ya sayi irin masara na leda da takin zamani, ya zuba duka a ruwan da ko gero da ƙyar zai sha. Masara da gyaɗa ba su da haƙurin gero. A yi caca da abin da ake iya rasawa, sauran a riƙe. Irin da ke nuna da wuri, wanda aka fitar a Samaru da sauran wuraren bincike, amfaninsa ke nan: yana ba mutum damar dakatawa har damina ta zauna, ya kuma girbe kafin ta ɗauke.

Yaya za a san ta zauna? Wani masani mai suna Sivakumar, da ya yi aiki a cibiyar ICRISAT kusa da Yamai, ya ba da ma'auni a 1988: a sami milimita 20 cikin kwana uku, kada kuma a yi fiye da kwana bakwai a jere ba ruwa cikin kwana 30 masu biyowa. Rabin farko na ma'aunin nan yana hannunmu. A sami gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, a ɗora shi a kan turke a fili nesa da itace da indararo, da safe a tsoma rula. Milimita 20 bai kai inci ɗaya ba, amma a eka ɗaya ya yi daidai da duro wajen 400. Ido yana ruɗi. Ruwan da ya cika lungu da rugugi wani lokaci ko rabin wannan bai kai ba.

Rabi na biyu kuwa, watau kwana 30 masu zuwa, ba mai ganinsa a gwangwani. Nan ne aikin masu duban yanayi yake shigowa. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da lokacin da ake sa ran faɗuwarta da ɗaukewarta, har ana fassara shi da Hausa. Zafin tekunan nan da muka ambata yana cikin abin da suke dubawa. Hasashe ne, yana iya kuskure, kuma ba ya hana mu roƙon Allah ruwa yadda mu da maƙwabtanmu Musulmi muka saba. Amma takardar da ta tsaya a ofis ba ta amfani kowa ba. Kai ta ƙauye aikinmu ne mu malaman gona, mun kuwa yi sakaci da shi.

Saboda haka bana muna roƙon kowace ikilisiya da kowace makarantar firamare a Gude da kewaye, har Garo da Durun da Kutama, ta kafa gwangwani ɗaya kafin ƙarshen watan Afrilu. A ba wani yaro ɗan aji shida littafi da fensir, ya riƙa rubuta kwanan wata da abin da ya auna, har da ranakun da ba a yi ruwa ba, gama su ne suka fi muhimmanci. Mu kuma za mu kawo hasashen bana mu karanta shi a gaban mai unguwa, kowa da kowa ya ji. In mun zo zagaye za mu duba littattafan, mu kwafe abin da ke ciki, mu buga shi a wannan shafi bayan kaka.